Ranar da Na Tashi Yi wa Tsuntsuwa Ɗori

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba, kuma ko na so in manta Mushe Isuhu ba zai bari ba, don har yau hoton yana cikin wayarsa.

Bari in fara gabatar da kaina, ku san ba ƙaramin mutum abin ya faɗa wa ba. Ni Bakano ne, jikan maɗora. Kakana ɗori yake yi, mahaifina ma haka, ni kuma tun ina ƙarami nake danne musu ƙafafun mutane ana ja suna ihu. Boko kuwa na kai aji huɗu na firamare (wasu na cewa uku, amma waɗannan maƙiya ne). Bayan rasuwar mai ɗakina, 'yata Hadiza, wadda take aikin jinya a nan Amurka, ta ɗauko ni ta ajiye a gidanta da ke Bowie, ta ce in huta.

Hutu a Bowie shi ne zaman bakin taga. Ba mai wucewa da ƙafa balle ya yi maka sallama, kowa cikin mota yake kamar an rufe shi a gwangwani. Ba kuma wanda yake karyewa a gabanka, in ma ya karye, kafin ka naɗe hannun riga motar asibiti ta ɗauke shi. Na kai matsayin da nake ɗokin zuwan motar shara.

Wanda ya cece ni shi ne Mushe Isuhu (Mushe a wajensu kamar Malam ne a wajenmu), wani Badamagare da ya yi ritaya daga sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington. Yana da mota, yana da lokaci, yana da baki, kuma kun san tsakanin Bakano da Badamagare ba a raga wa juna. Shi ya fara kai ni wani ɗan bakin ruwa a gefen Chesapeake, inda mutane ke wanka, suna gashin nama, suna guje-guje da karnuka. A nan na ga an kafa turaku an zagaye wani fili da igiya, babu komai a ciki sai yashi da tsakuwa. Isuhu ya ce akwai abu a ciki, idona ne na Bakano da ba ya ganin abin da ba na sayarwa ba. Ashe wata tsuntsuwa ce, ba ta fi kurciya ba, mai baƙin zane biyu a wuya. Ba ta hawa bishiya ta yi sheƙa kamar masu hankali. Sai ta tona ɗan rami a yashi, a tsakiyar inda jama'a ke shaƙatawa, ta zuba ƙwai huɗu masu kama da tsakuwa, ta kwanta a kai.

Shugabar wurin, wata Baturiya mai suna Mis Karol, tana tsaka mai wuya. Masu wanka suna so a cire igiya su sake, masu son tsuntsaye suna so a rufe wurin gaba ɗaya har sai an ƙyanƙyashe. Ita kuma ta ce za a yi duka biyun: mutane su yi wankansu, tsuntsuwa ta yi kwancinta, 'yan sa-kai su tsaya a bakin igiya. Sai dai ba ta da isassun masu tsayawa. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina buga gwangwani a gonar gero ina kore wa mutane tsuntsaye, yau ga damar kore wa tsuntsu mutane. Na ce da Isuhu ya gaya mata ta samu mutuminta.

Aka kira mu bita. Ɗaki mai sanyi, ana haska hotuna a bango, Mis Karol tana zuba Turanci ta hanci, ina gyaɗa kai a inda na ga ana gyaɗawa. Isuhu na can baya yana shan sanyi. Da azahar ta yi na zame na je bayan motoci na yi sallata. Ina dawowa na tarar ana dariyar wani abu da aka gama haskawa. Mis Karol ta dubi kowa ta ce ko akwai mai tambaya. (To ku gaya min, dattijo da furfura a gaban ɗaliban jami'a zai ɗaga hannu ya ce me ya wuce shi?) Na ce babu.

Ta ba ni falmaran mai ruwan ɗorawa da usur. Ta bakin Isuhu ta ja kunnena cewa kada a tayar da tsuntsuwar ta daɗe ba ta kan ƙwan, don rana za ta dafa su, ga hankaka kuma yana sa ido. Na dafa ƙirji na ce in ƙwai ɗaya ya taɓu a hannuna, ta karɓe rigarta. Ta ce ba sai an kai ga haka ba. Na sa Isuhu ya sake fassara mata, don ta san magana ce ta jikan maɗora.

Na riƙe igiyar nan kamar iyakar ƙasa. Turancina na aiki bai wuce "No sir, bird" ba, amma ya ishe ni. Na taɓa hura wa wani ƙato usur har karensa ya zauna da kansa. Hadiza ta ce tun da na fara aikin na daina zancen komawa gida, ina cinye abincina, ina ma yi wa motar shara kallon raini.

Sai wani likitan ƙashi ɗan wajenmu, da muke kira Dakta, ya tashi yin walimar ɗansa da ya gama jami'a a College Park. Ni na ba da shawarar a yi a bakin ruwan nan, na ce akwai iska mai kyau. (Gaskiyar magana, so nake a gan ni cikin falmaran.) Ranar na saka babbar riga mai aiki, na ɗora falmaran a kai, na rataya usur. Mutanenmu suka cika wurin, na Springfield da na Bowie, tsire na ƙamshi, matasa na buga ƙwallo can nesa inda na iyakance musu.

Bayan an ci an sha, na jawo dattawa zuwa bakin igiya don in ɗan karantar da su. Ina bayani ina nuni, ina matsawa, har cikina ya tura igiyar ta yi baka. Sai tsuntsuwar ta zabura daga kan ƙwan, ta yi gudu kaɗan, ta faɗi. Fiffike ɗaya ya karkace yana jan ƙasa, ta baje jela, na hango ja-ja a bayanta, tana wani kuka mai ban tausayi. Na ce jini ne. Nan take na yanke hukunci cewa ƙwallon matasan nan ce ta same ta ban gani ba.

Shekara da shekaru ina jiran karaya a ƙasar nan, yau ga ta a gabana.

Isuhu ya riƙo hannuna. "Kamarad, ƙyale ta, ƙarya take yi."

"Ka ji tsoron Allah, Badamagare," na ce masa. "Majinyaciya kake yi wa ƙazafi."

Dakta ya ce, cikin ladabi, ko a kira shugabar wurin tukuna. Na ce masa ya yi haƙuri, wannan ba aikin ɗaukar hoto ba ne, aikin hannu ne, gadon gidanmu. Na zari tsinken tsire biyu daga farantin wani alhaji, na tsotse su tas, na yage hankicina gida biyu, na yi bisimilla, na ɗaga ƙafa na tsallake igiyar da na hana kowa taɓawa.

Na nufe ta a hankali. Ina kusa da kamawa sai ta ja jiki ta ƙara gaba. Na sake matsawa, ta sake ja. Ta fita ta ƙarƙashin igiyar ɗaya ɓangaren, na tsallaka na bi ta. Ina lallashinta da kalaman da mahaifina ke yi wa majinyata, ina cewa ta daure, zafin sau ɗaya ne, ina tofa mata addu'a daga nesa. Muka ratsa ta gaban wasu Turawa da ke kwance suna shan rana, suka miƙe zaune. Muka rusa ginin yashi da wani magidanci ya wuni yana yi da iyalinsa. Can baya ina jin Isuhu yana ƙwala min kira, na ce hassada ce. Da na ga tsayuwata ke firgita ta, sai na durƙusa na koma rarrafe, tsinke a baki, usur yana lilo a wuya. Wanda bai taɓa rarrafe cikin babbar riga ba, ina ba shi shawara ya bar abin a haka.

Ban fasa ba. Gidanmu ba a taɓa barin mai karaya ya tafi da karayarsa ba, ko da gudu ya yi, kuma da yawa sun yi.

Har muka kai ƙarshen yashi, inda ƙasa ta koma taɓo. Takalmina ɗaya ya maƙale, na bar shi. Na ga sai da dabara. Na cire falmaran na ajiye, na tuɓe babbar rigar na riƙe ta kamar masunci mai jefa birgi, daga ni sai singileti da wando. Na auna ta da kyau, na yi kukan kura na jefa, rigar ta tafi da ni, na kifa da fuska cikin taɓon.

Da na ɗago, sai na ga majinyaciyata ta miƙe, ta karkaɗe jiki, ta buɗe fikafikai biyu lafiyayyu, ta tashi ta bi ta saman kaina tana kuwwa, ta koma inda muka fito.

Na juya na bi ta da kallo, sai a lokacin na ga nisan da ta jawo ni. Can a bakin igiya Isuhu ne, da tsufansa da ciwon gwiwarsa, yana tsalle yana kaɗa hula yana korar wani hankaka da ya sauka a kan turke. Bayansa 'yan walima sun jeru sahu guda, rabinsu sun ɗaga wayoyi. Ga kuma 'yar motar yashi ta Mis Karol.

Na tako da takalmi ɗaya. Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi min ciwo ke nan, sai dai kafaɗun alhazai da ke rawa. Hadiza ta zo ta yafa min mayafinta. Isuhu ya gyara hularsa, ya sunkuyar da kai kamar mai zuwa dubiya.

"Sarkin ɗori, ya mai jiki?"

"Ta samu sauƙi," na ce.

Mis Karol ba ta yi faɗa ba. Ta miƙo min madubin hangen nesa ta nuna min cikin igiya. Tsuntsuwar ta koma ta kwanta. Dab da ita, tazarar da ba ta kai tafin hannu ba, ga sawun takalmi ya nutse cikin yashi, nawa. Isuhu ya fassara min bayaninta, wannan karon babu tsokana a muryarsa: dabarar tsuntsuwar ke nan, in ta ga abin tsoro ya kusanci ƙwanta sai ta yi kamar ta karye, ya biyo ta yana kwaɗayin kamawa, har ta raba shi da wurin. Jan da na gani launin gashinta ne. Abin da aka haska a bango ke nan lokacin da nake bayan motoci. Wato ni, mai falmaran da usur, ni ne abin tsoron da aka janye.

Na ninke falmaran na miƙa mata. Ta ce ba ta kore ni ba. Na ce ni na yi rantsuwa, kuma ba wanda ya san abin da rana ta yi wa ƙwan lokacin da suke buɗe, ta riƙe har mu gani.

Daga ranar kullum sai na je. Isuhu yana tuƙi yana tambayata ko akwai wani kifi mai targaɗe da za mu duba a hanya. In tsaya nesa da igiya da lemata, ba falmaran ba usur, in wani ya matso in ce masa "No sir, bird" a matsayina na mutumin gari. Wasu sun gane ni daga hoton da ya zagaya, har suna ɗaga min hannu suna karkata kafaɗa. Na shanye.

Wata safiya muka tarar da wasu 'yan dunƙulen auduga suna gudu a kan ƙafafu kamar tsinken da na ɗauko don ɗori. Na ƙirga, uku. Ƙwai ɗaya yana nan bai motsa ba, kuma zuciyata ta ce min shi ne na kusa da sawuna. Na ƙi cin abinci, na ƙi zama. Isuhu ma ya tsaya kusa da ni ya zuba wa ƙwan ido. Sai bayan la'asar ƙwan ya tsage, wani jiƙaƙƙen abu ya fito yana layi. Na yi sujada a kan yashi, a wajen igiya.

Mis Karol ta mayar min da falmaran, amma da sharaɗi. Ta ce hotunan bango ba sa zama a ƙwaƙwalwar mutane, tana so duk shekara in riƙa nuna wa sababbin 'yan sa-kai yadda tsuntsuwar ke yi. Yanzu da zarar sanyi ya ɗaga, za ku gan ni a ɗakin bita cikin babbar riga, na saki hannun riga ɗaya yana jan ƙasa, ina ɗingishi ina kuka, Isuhu yana bi na a matsayin wawan da aka yaudara. Ya ce ya ga yadda ake yin rawar tun daga asalinta.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, na san hukuncin tun ina makarantar allo: in ka zo ka tarar an yi raka'a ba da kai ba, liman na sallamewa sai ka miƙe ka rama, a gaban kowa, ba kunya. A masallaci ban taɓa fashi ba. A ɗakin bita ne na sallame tare da jama'a alhali da sauran raka'a a kaina. Shi ya sa yanzu ko banɗaki na fita na dawo, hannuna ne farko a sama, har Mis Karol ta fara roƙona in bar wasu su ma su yi tambaya.