Gidan Sarkin Sikeli a Bayan Akori-Kura

Idan ana lissafa mutanen da Allah ya yi wa baiwa a unguwarmu, a fara da Sarkin Sikeli, a kuma tsaya a kansa, don sauranmu cikon benci ne. Shekara talatin da biyu ya yi yana aikin duba ma'auni a kasuwanni. Babu sikelin mahauci ko na mai sayar da ƙusa da bai ɗora wa dutsen gwajinsa ba. Ya yi ritaya, amma idonsa ya ƙi ajiye aiki. Ka wuce da kankana a hannu, zai tsayar da kai ya ce, "Kilo huɗu da ɗigo uku." Kada ka wahalar da kanka da zuwa aunawa, domin in aka samu bambanci, sikelinka ne ya lalace. Abu ɗaya ne tak bai taɓa ɗorawa a sikeli ba, shi ne kansa. Wanzami dai ba ya son jarfa. Mu dai mun san sau biyu ana sake wa kujerarsa ƙafa, sau biyun kuma kafinta ne ya sha zagi.

To, kowane babban mutum da ƙayar da ke sukarsa. Ta Sarkin Sikeli surukarsa ce, wato mahaifiyar matarsa Malama, tsohuwar da kowa ke kira Inna. Tun da ya auri 'yarta, tsohuwar nan ba ta taɓa ce masa "ka kyauta" ba. Ya kai mata firiji, ta ce, "To." Ya gyara mata rufin ɗaki, ta ce, "To." Amma Likita, mijin ƙanwar Malama, ko lemo ɗaya ya kai mata sai ta kwana uku tana sa masa albarka. Wannan abu ya fi hawan jini cin ran Sarkin Sikeli. Duk duniya babu abin da yake nema kamar kalmomin nan biyu daga bakin Inna.

Ana nan sai dama ta faɗo. Jikar Inna ta haihu a wani gari mai nisan awa huɗu, can bayan tsauni. Inna ta ƙudurta sai ta ga tattaɓa-kunnenta na fari da idonta, ga shi ciwon baya ba ya barinta ta yi doguwar tafiya a zaune. Motar Likita kuwa, duk sheƙinta, kujeru ne kawai a ciki. Sarkin Sikeli ya miƙe a tsakiyar falo, ya gyara wuyan riga, ya ce, "A kwance zan kai Inna. A kan gado. Da matashin kai biyu."

Inna ta ce, "To."

Yana da wata 'yar akori-kura da ya saya bayan ritaya, mai ƙaramin inji, irin wadda in ka ɗora mata buhun siminti shida sai ta fara tari. Ita ya kai wa mai walda ya ce a gina mata ɗaki a baya. Mai walda ya ba da shawarar a yi rumfa mai sauƙi da falanki da siririn ƙarfe. Sarkin Sikeli ya dube shi kamar ya zage shi.

"Kai, akurkin kaji na ce ka yi mini? Ƙarfe mai kauri nake so. Tsayin ɗakin ya zama ina shiga ba sai na sunkuya ba, don ni ban saba sunkuyawa ba. Tagogi huɗu na gilashi. Ƙasa kuma tayil."

Bayan tayil aka shigar da gadon katako da katifa. Aka kawo kujerar falo mai cin mutum biyu, saboda baƙin da za su zo gaida Inna a hanya. Aka ɗora tankin ruwa a sama, aka ɗaure janareta a baya don fanka. Daga ƙarshe aka kafa madubi mai tsayin mutum, da hotonsa na ranar ritaya a cikin firam mai ruwan zinariya, yadda Inna na buɗe ido za ta ga wanda ya yi mata wannan gata.

Bakaniken da ke duba motar ya zagaya ta sau biyu yana riƙe da baki. Ya ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Injin nan ƙarami ne. Ga nauyi, sifirin baya har ya kwanta. Ga tsayin nan kuma, zai riƙa tare iska kamar bango, mai zai zuba kamar an huda tanki. Birki ma sai ka fara taka shi tun daga nesa. Mu kai ta sikelin manyan motoci mu ga me ta ɗauka."

Sarkin Sikeli ya yi dariyar manya, irin mai girgiza ciki. "Ni za a kai sikeli? Malam, sikelin nan da kake faɗa, ni na sa masa hatimi! Duk kayan nan kilo ɗari biyu da goma ne, na auna da ido. Iska kuwa, kai ka taɓa ganin iska ta tsayar da mota? Tsaya a kan sifanarka."

Ranar gwaji duk unguwa ta fito. Motar ta taho gindinta a ƙasa, hancinta a sama, fitilunta na kallon gajimare kamar mai neman agaji. Da fitowarta ta tafi da saman ƙofar gareji, Sarkin Sikeli ya ce magini ne ya gajarta ƙofar. A kan babban titi mai keke ya wuce shi, ya waiwayo ya gaishe shi, ya ƙara gaba. Sarkin Sikeli ya leƙo ta taga ya sanar da mu cewa girma ba ya gaggawa. Da allurar mai ta fara gangarawa muna gani, sai ya ce masu gidan mai ne suka taɓa famfonsu, kuma da yana bakin aiki da sun ga takarda.

Ranar tafiya aka kwantar da Inna a gado, fanka na kaɗawa. Malama ta zauna a gaba. Ita ce ta fara koyon tuƙi a gidan, amma ba a faɗin haka a gabansa. Likita ya biyo su a baya da tasa motar, wai rakiya, yana tafe yana taka birki don kada ya hau su. Kafin a tashi Inna ta yi magana mafi tsawo da ta taɓa yi wa surukinta, ta ce, "In ta tsaya a hanya, motar Likita zan koma, ko bayana zai karye."

Awa huɗu ta zama shida, ba a ma kai tsaunin ba. Duk tirelar da ta gifta sai gidan ya yi rawa, madubi ya kaɗa, Inna ta yi salati. Sun gaisa da gidajen mai uku. Duk da haka Sarkin Sikeli sai washe baki yake, yana yi wa Malama bayanin yadda masu ƙera motoci za su zo ɗaukar darasi a wurinsa.

Sai ga tsauni. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Giya ta uku ta ce ba da ita ba. Ta biyu ta yi ƙoƙari ta sare. Ta ɗaya ta yi kuka, ta yi gurnani, ta kai su rabin hawa, sannan motar ta tsaya cik, ta fara tunanin komawa gida da baya. Likita ya fito a guje ya sa dutse a bayan taya. Lagireto na huci, kuloci na wari.

"Hutawa take yi," in ji Sarkin Sikeli daga bayan sitiyari. "A zubar da ruwan tankin nan, kilo ashirin ne kacal."

Aka zubar, ruwa ya yi ta kwarara kamar an fasa madatsa. Ya taka totur, mota ta matsa taku biyu ta tsaya. Aka sauke janareta. Aka sauke kujerar baƙi. Aka fito da madubi aka jingine shi a bakin hanya, masu wucewa suna rage gudu suna gyara hula a ciki. Har hoton ritaya aka sauke, ya ce a riƙe shi da hannu biyu. Duk abin da aka sauke sai ya faɗi nauyinsa daga inda yake zaune, bai motsa ba. Mota dai ta ce sam.

Likita ya buɗe ƙofar motarsa ta baya, ya fara kakkaɓe kujera. Inna ta yunƙura tana laluben takalminta. Nan fa gumi ya karyo wa Sarkin Sikeli, don ya ga abin da ya gina da ƙarfe da tayil zai tafi a banza, Likita kuma zai samu albarkar wata shekara goma.

Malama ta ce a hankali, "Maigida, ko za ka ɗan sauka ka duba mana tayar baya? Kai ne mai ido."

Wannan ya yi masa daɗi. Ya buɗe ƙofa, ya zuro ƙafa, ya sauka. Motar ta yi wata ajiyar zuciya, gefen direba ya ɗago har sai da sifirin ya yi ƙara. Malama ta zame ta koma bayan sitiyari, ta sa giya ta ɗaya, ta saki kuloci a hankali. Akori-kura ta yi tari sau ɗaya, ta kama hanya, ta haye tsaunin nan tiryan-tiryan kamar akuya ta hango dusa.

Da ƙafa ya ƙarasa hawan, rungume da hotonsa, don ya rantse ba zai shiga motar Likita ba. Ya iso saman yana haki, rigarsa sharkaf. Ya tarar an faka a inuwa, Inna ta buɗe tagar gilashi tana shan iska. Ta dube shi tun daga sama har ƙasa, irin duban da yake yi wa kankanar mutane. Sannan, bayan shekara ashirin da takwas, a gaban Likita, a gaban Malama, ta buɗe baki.

"Ka kyauta," in ji Inna, "da ka sauka."