Marasa Lafiya Ɗari Huɗu, Duk Lafiya Lau

Zuwa ga Mai Girma Mushe Darakta, kamar yadda ake kiran manya da Faransanci,
Kamfanin Hankali Ɗaya, masu koya wa ordinatar, wato kwamfuta, natsuwa.

Bayan gaisuwa, wadda zan taƙaita don na san ba ka son ta, ni ne Kaleb, mai rubuta sunayen marasa lafiya a ƙaramin asibitin mishan na wajen Madawa. Wata uku ke nan da aka saka mana tsarinku mai suna Natsu a cikin ordinatar, don kada hira ta ɗauke mini hankali. Ya yi aiki, ranka ya daɗe. Ga 'yan ƙorafe-ƙorafe, ƙanana ne ƙwarai.

Na ɗaya. Natsu yana yin tambaya ɗaya, ya karɓi amsa ɗaya, ya rufe shafin. Ko wanda ya ƙera shi ya taɓa zama da mutumin yankinmu na Adar? Mutumin nan ko hanjinsa na hannunsa, in ka ce yaya jiki, "lahiya lau" zai ce. Sai ka tambayi gida, ka tambayi ruwa, ka tambayi gero da awaki, sa'annan ya sunkuyar da kai ya ce akwai dai 'yar ƙafar nan da ta kumbura tun bara. Kafin a kai ga ƙafar, Natsu ya wuce mutum uku.

Na biyu. In na ɗaga ido daga allon, sai ya yi ƙara kamar zabuwa. Surukina ya zo tun daga Garhanga, na gaishe shi ina kallon gilashi. Yanzu gidansu cewa ake boko ya cinye mini kunya. Wannan nawa ne, zan haɗiye.

Na uku, kuma a nan ne raina ya ɓaci. Rahoton da muka aika wa hukumar lafiya a garin Tawa ya nuna mutum ɗari huɗu da goma sha biyu sun zo asibiti, dukkansu lafiya lau. Har da wanda aka kawo bisa amalanke. Sai ga takardar yabo ta iso, an ce mu ne yankin da ya fi kowane ƙoshin lafiya, saboda haka an tsayar da motar magani, kuma ƙarshen wata za a rufe mu. Malama Ni'ima mai allura ta karanta, ta yi dariya har ta zauna, daga nan ta yi kuka. Ina mutanen Tamaske da sauran garuruwan da ke zuwa wurinmu za su kai 'ya'yansu in damina ta kawo zazzaɓi?

Na huɗu. Na so in koma baya in gyara, Natsu ya ce komawa baya ɗauke hankali ne. Madalla da wannan hikima!

Roƙona ɗaya ne, Mushe. Ka aiko mana maɓallin komawa shafi ɗaya kacal. Malam Isufu, manomi, maciji ya sare shi, ya gaishe ni da ladabi, aka rubuta shi lafiya lau. Ranar Talata aka binne shi. Matarsa Cima ta zo karɓar takardar mutuwa, na karanta mata abin da ordinatar ya fitar. Ta tambaye ni ko ta ci gaba da takaba ko ta ɗora masa tuwo. Na ce zan tambayi masu ilimi.

Naka mai biyayya, wanda bai ɗaga ido ba har ya gama,
Kaleb Ɗangana
Madawa, 1997