Sin Daidai da Huɗu

Wani ne, kada ku tambaye ni sunansa, tsayinmu dai ɗaya da shi. Ya zo Khartoum daga Katsina karatun Larabci, shekarun nan da sojoji ke tare motoci a bakin gada suna duba takardu. Sai idonsa ya faɗa kan Mawahib, 'yar Alhaji Ishaku mai shagon yadi a Kasuwar Libiya.

Rannan Alhaji ya yi ƙorafi a gabansa cewa lissafi na neman kayar da yarinyar, ga jarrabawar gama sakandare saura mako biyu.

Gogan naku ya bugi ƙirji. "Lissafi? Alhaji, ai a garinmu in ya gagari malamai, ni ake aikowa a kira."

Alhali rabonsa da lissafi tun aji uku, shi ma da ƙyar aka rabu.

Ranar Juma'a ya sha guga, ya haye Omdurman, gidan Alhaji, don ya koya mata. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kawo shayi. Mawahib ta buɗe littafi. Ba x, ba y. Ashe a nan sin da sad ake ce musu.

Ta ɗora yatsa kan "sin daidai da huɗu", ta dube shi. "Ya ustaz, ra'si?"

A lissafinsu ra'si shi ne layi tsaye. Shi kuwa a Larabcinsa "kaina" kawai ya sani.

"Subhanallahi! Ciwon kai? Hajiya, a kawo mata magani!"

Uwar ta fito a guje da ludayi a hannu.

"Yumma, kaina lafiya lau," in ji Mawahib. "Layin nake tambaya, tsaye yake ko kwance?"

Ya gyara zama. "Wannan ai wasa ne. Babban layin sin ba a kwance yake ba? To ɗansa ma kwance. Gado ne."

"Sad daidai da biyu fa?"

"Tsaye ƙyam, kamar soja."

Ta ɗauki fensir tana ɗigawa: sin huɗu sad ɗaya, sin huɗu sad biyu, sin huɗu sad uku. Ɗigo na hawa kan ɗigo. Ta ja layi, sai ga shi tsaye kamar falwaya.

"Ustaz, sin bai gusa daga huɗu ba, sad ne ke ta hawa. Ashe na sin ne tsaye, na sad ke kwance."

Daidai nan Alhaji ya shigo daga masallaci. "Yaya, ana ganewa?"

Gogan ya yi wuf ya fizge littafin, ya juya shi ta gefe. "Ga shi nan, Alhaji, kwance yadda na faɗa. Riƙon littafin ne ba ta iya ba."

Alhaji ya dubi littafin, ya dubi gogan, ya shafa gemu.

"To kai, ɗana, in aka ta da salla kana kwance, tashi kake yi, ko masallacin kake juyawa?"