Kyanwar da Na Kai Gidan Kafili

Saura mako biyu iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar waje, ta ƙare, na ce bari in faranta wa kafilina, ubangidan da ke sabunta min ita, rai da tsarabar littafin zanen Japan ga 'yarsa mai shekara bakwai. Mai gwanjo a unguwar Bani Malik ya gargaɗe ni cewa akwai na yara, akwai na manya.

Na ce, "Zane ai duk na yara ne. Yalla, miƙo mai kyanwar nan."

Bayan kwana uku kafili ya kira ni, ya buɗe tsakiyar littafin. A zanen, kyanwar tana cin kan maigidanta. Na fara hango jirgin da zai mayar da ni Kano.

Ya ce, "Saboda kai 'yata ta tsorata, har mun kai kyanwarmu gidan surukata."

Ya dai sabunta iƙamar. Amma har yau kyanwa ba ta giftawa a shago abokan aiki ba su tambaye ni ba: "Malam, wannan ta yara ce ko ta manya?"