Totuwar da Ta Kai Baba Kusada a Kan Keke

Komai zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanena ba. A shekarun nan ne da kuɗin fetur suka fara shigowa, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi. Ina koyarwa a firamare a Kankia, abokan aikina suka sayi babura, ni kuwa na ce na wuce nan. Na sayo wata tsohuwar mota wadda ta girmi wasu ɗalibaina.

Aibinta ɗaya, ba ta da murfin tanki. Da jajibirin bikin na samo totuwar masara, na naɗe ta da robar tayar keke, na cusa a bakin tankin, na ɗaure tamau. Na cika tanki, na ce ko ƙamshin fetur ba zai fita ba.

A Kusada za a ɗaura auren bayan Azahar, kuma Baba ne waliyyin ango. 'Yan'uwa suka cika babbar mota, suka ce ya zo su tafi. Na tsaya kai da fata.

"Ina da mota, ubana ya hau bayan akori-kura? Wallahi ba a yi ba!"

Baba ya shiga gaba da tasbaharsa. Gwaggo, yayarsa mai sayar da man gyaɗa, ta zauna a baya da ƙwaryar alkaki a cinya.

Ba mu kai Kafinsoli ba motar ta yi tari, ta mutu. Na fito da isa, na buɗe bonet, na kwance fulogi, na goge da gefen rigata, na mayar. Ta tashi! (Ashe hutawar da ta yi ce ta tashe ta, amma a lokacin ji nake babu bakanike kamata a lardin nan.) Muka ɗan taɓa tafiya, ta sake mutuwa. Wannan karon na kankare kan batir. Karo na uku na cire tiyon mai na zuƙa da baki, fetur ya cika mini maƙogwaro, farar shaddata ta koma tsumman gareji.

"Ɗan nan," in ji Gwaggo, "wancan abin da ka toshe a baya, ka ko bar mashi wurin shan iska?"

"Gwaggo, wannan inji ne, aikin Turawa. Ki dai riƙe ƙwaryarki."

Baba ya dubi rana, ya dube ni. Sai ga wani manomi a kan keke. Baba ya ɗaga masa hannu, ya tattare babbar rigarsa, ya hau kariyar bayan keken. Ina tsaye da sifana a hannu ina kallon rawanin ubana yana nisa. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba.

Gwaggo ta fito, ta ajiye ƙwarya, ta zaga baya. Ta sa haƙori ta kwance robar, ta fizge totuwar. Tankin ya ja iska, fuuu, har da ƙara.

"Shekara talatin ina juye mai daga garwa," ta ce. "In ba ka huda mata wuri biyu ba, ba ta zubowa. Murɗa makulli mu gani."

Murɗawa ɗaya motar ta tashi, ba ta ƙara ko tari ba har Kusada. Muka tarar an shafa fatiha, ana rabon goro. Mai keken kuma yana zaune kusa da Baba, an cika masa gaba da tuwo.

Har gobe ina nan a kan bakana: dabarar totuwa ba ta da laifi, ƙwarewa ce ta yi mini yawa wajen ɗauri. Motar kuma ban sayar ba, sai da na ƙara shekara shida da ita don masu dariya. Abin da na koya dai shi ne, in mota ta mutu a hanya, kafin in buɗe bonet sai na waiwaya na tambayi na kujerar baya. Gwaggo kuwa har ta koma ga Allah, in ta ji ƙarar motata a ƙofar gida sai ta ɗaga murya: "Injiniya, ka bar mata wurin shan iska?"