Ranar da Sabuwar Sifana Ta Maƙale a Injin Malam Buba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da ƙarfen da bai fi tsawon tafin hannuna ba ya tsayar da ni a ƙofar gidana, a gaban mutanen unguwa.

Ni ban yi boko ba. Na yi kamun kifi a kogi, na yi lodi a tasha, na bi babbar mota shekaru. Ambaliya ta ci mini gida sau biyu a Gashua, na sake ginawa. Da ƙarfi ya fara ja baya sai na kafa rumfa a jikin katanga, ina gyara babur ɗina da injin ban-ruwana. Maƙwabta suka fara kawo nasu. Ba ni da yawan magana, shi ya sa mutane suka ɗauka na san komai. (Ni ma haka na ɗauka.)

Wata ranar kasuwa na je Nguru, na shiga shagon Ba Modu mai kayan makanikai. Ya nuna mini sifanar da ake kira racet. Ba sai ka cire ta daga kan noti ba, kana ja kana mayarwa, tana kirr kirr, noti yana fitowa. Iri biyu ya ajiye mini.

"Wannan tana da ɗan harshe a wuya," in ji shi. "Da ka tura shi da yatsa, ta koma ɗaurewa ko kwancewa. Wannan kuwa gefe ɗaya take ci, sai ka cire ta ka kifa ta. Ɗauki mai harshen, Malam."

"Harshe karyewa yake yi."

"Amma a wuri mai matsi..."

"Na riga ka riƙe sifana. Ƙunsa mini marar harshen."

Ya ƙunsa mini saiti guda.

Ina isa gida na ɗauko tsohuwar sifanata lamba goma sha biyu, wadda muka tsufa tare, na miƙa wa matata Hajara. Na ce ta riƙa fasa kanwa da ita, ta yi ritaya.

Bayan kwana biyu Malam Buba maƙwabcina ya turo injin ban-ruwansa a amalanke. Yashi ya toshe farfelar da ke jan ruwa. Ya dasa albasa a fadama, kwana biyu ba ta sha ba.

"In rana ta faɗi yau ba ruwa, dashen ya tafi," ya ce.

Dattawan da ke hira a gindin darbejiya suka matso, don labarin sabon ƙarfe ya riga ya zaga. (Ni na zaga da shi.) Na ɗauko lamba goma sha biyu. Noti na farko, kirr kirr, ya fito. Na biyu haka. Na uku ko kallonsa ban yi ba. Fuskokin mutane nake kallo.

Na huɗu yana can baya, dab da ƙarfen da ya kewaye injin. Na cusa sifana, na ci gaba da kirr kirr. Noti yana fitowa yana turo sifanar baya, har ta haɗu da ƙarfen. Ta tsaya cak.

Na ja, ta ƙi fita, babu fili. Na ce bari in mayar da notin ciki. Ta yi kirr a banza, don gefe ɗaya take ci. Kifa ta kuma sai an cire ta. Nan take na ji muryar Ba Modu a kunnena.

"Malam, ta gaji ne?" in ji Alhaji Gambo, babban mai tsokana na majalisar.

"Hutawa take yi," wani ya ba shi amsa. "Daga Nguru fa ta zo."

Na zuba mata baƙin mai. Na gwada filaya, ba ta shiga ba. Zufa ta jiƙa mini riga. Da na ɗaga guduma sai Malam Buba ya riƙe mini hannu.

"Don Allah, Malam. Injin nan ɗaya gare ni."

Shi ba ya dariya. Rana yake dubawa. Wannan ya fi dariyar yi mini ciwo.

Can ya ce a hankali, kamar mai neman gafara, "In aka kwance injin daga kan ƙarfen, aka ɗan matsar da shi fa?"

Manomin albasa, wanda bai taɓa buɗe inji ba. Kuma gaskiya ya faɗa. Na duƙa na duba notin ƙasa. Lamba goma sha biyu ne. Tawa sabuwa tana kurkuku.

Na shiga gida. Hajara tana tankaɗe.

"Ina sifanar nan?"

"Wacce, Malam?"

"Kin sani."

"Au, mai ritaya?"

Katangarmu gajera ce. Dariyar da aka yi a waje har yau ina jin ta.

Na fito da ita, garin kanwa fari fat a bakinta. Na kwance noti huɗu, muka matsar da injin, sabuwar ta faɗo ƙasa da kanta. Na wanke farfela, na ɗaure komai. Bayan la'asar ruwa ya shiga albasar Malam Buba. Da ya girbe, buhu guda ya aiko mini, ban san da wane ido na karɓa ba.

Kasuwa ta zagayo na koma Nguru. Ba Modu yana ganina ya miƙo mai harshen.

"A ina ta kama ka?"

"Bayan injin ban-ruwa."

"Duk a nan take kama su."

Yanzu kafin in sa racet a kan noti, sai na leƙa bayansa na ga inda zai fita. In mai shago ya fara magana kuma, ina barinsa ya kai ƙarshe. Aiki yana tafiya, alhamdu lillahi.

Tsohuwar sifanar kuwa har yau tana madafa. Hajara ta ce kyauta na ba ta da bakina. In buƙata ta taso, aro nake zuwa.