Ranar da Na Fizge Muryar Kaka

Ba zan taɓa mantawa da ranar kamun Hauwa'u, 'yar Kawu Sale, a Ƙarfi ba. Wata uku ke nan da na fara koyar da kwamfuta a wata sakandare a Malumfashi, kai ya kumbura har hula ba ta zama.

Kawu manomi ne, ko aji ɗaya bai yi a boko ba. Amma yana da wata 'yar MP3 da yake ratayawa in zai tafi gona. A cikinta akwai waƙar da Kaka take yi wa kowace jikarta in za ta yi aure, ya ɗauki muryarta kafin ta rasu. Ita za a kunna wa amarya bayan la'asar. Da hantsi ya ce in ƙara masa karatun Alƙur'ani a ciki.

Na baje laftof a tsakar gida kamar gadon ubana (na makaranta ne, aro na yi). Na jona, na tura karatu. Ƙawayen amarya suna leƙe, ni kuwa ina ta iyayi. 'Yar fitilar jikin MP3 ɗin ba ta daina ƙyaftawa ba na fizge ta daga laftof, na miƙa masa.

"Malam," in ji Kawu, "ka sallame ta kuwa?"

"Haba Kawu, na'ura ce fa, ba baƙuwa ba!" Har dariya na yi.

Aka kunna, shiru. Na sake jonawa, wayam, ba karatu ba Kaka. Hauwa'u ta yaye mayafi ta zuba min ido. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Kawu bai yi faɗa ba. Ya sa yatsansa mai kanta ya nuna min wata 'yar alama a ƙasan allo, ta hannun dama. "Nan ake dannawa, a jira ta ce a cire. Na ga yadda wata baiwar Allah take yi a shagon kwamfuta a Funtua, na tambaye ta. Ko shanun huɗa ai sai sun tsaya ake kwance masu garma."

Sai ya cire hula, ya zaro memori a naɗe cikin takarda. "Tun da na ƙudura kai zan ba, na je aka kwafa min. Tun kana yaro ba ka jiran tuwo ya huce."

Aka sa a wayar hannu, muryar Kaka ta cika gidan, amarya ta yi kukanta. Ban taɓa jin girman mutum ya kama ni irin na ranar ba.

Yanzu darasin da nake fara koya wa ɗalibaina ke nan: a sallami na'ura kafin a cire. Ba na dai faɗa masu wanda ya koya min, ko a gaban su wa.